Makullin Yana Hannun Luba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe mini komai, da ranar da na kulle wuyana da hannuna, na ɗauki makullin na damƙa wa wata, duk a zatona burgewa nake yi. Har yau in na bi ta Ƙofar Rini na hangi tsohon gidan Alhaji Bawa, sai in ji wuyana yana ƙaiƙayi.

Lokacin kuɗin mai ne, soja ke mulki, kuma kowa a Sakkwato ya zama mai alama. Soja da taurari a kafaɗa, masinjan ofis da baje a ƙirji, direban gwamnati da hularsa mai baki. In ba ka da wani abu maƙale a jiki da zai faɗa wa mutane ko kai wane ne, to kai ba kowa ba ne. Ni kuwa ɗan baduku ne a Ƙofar Marke. Baba yana ɗinka kube da alabe da tumtum da jar fatar nan tamu, ni kuma na ɗan taɓa makarantar koyon sana'a, na iya riƙe fensir, sai kaina ya kumbura. Na sa aka rubuta mini allo na kafa a bakin rumfa: mai zanen tambari da alamomi. (Baba ya tsaya ya dubi allon, ya ce ya fi rumfar girma, ya koma ya zauna.)

Abin da ke cin raina a lokacin shi ne Luba, ɗiyar Alhaji Bawa dillalin siminti. Malamar firamare ce, mun daidaita da ita, manyana sun je sun gaisa. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a bari a gama bikin ɗansa Sani tukuna, sannan zai ba da amsa. Wata gwaggona da ke shiga gidan ta tsegunta mini cewa ba sana'armu ta dukanci ce ta dame shi ba. Cewa ya yi yaron nan girman kai gare shi, yana tsoron ya raina masa ɗiya. To, mai hankali da ya ji haka sai ya sauke kafaɗa. Ni kuwa abin da na fahimta shi ne Alhaji bai san girmana ba ne, dole in nuna masa. Abinci ma ya daina shiga cikina sosai, ina zaune ina saƙa da warwara a kan yadda zan yi in burge mutumin nan kafin ya buɗe baki ya ce a'a.

Ana cikin haka sai ga Malam Yohanna ya zo rumfarmu da baƙi. Malam Yohanna maƙwabcinmu ne, mutumin kudancin Zariya, malamin Turanci a sakandare, a wurinmu yake sayen takalmi. Baƙin kuwa wani Bature ne injiniya da ke aikin injuna a kamfanin siminti na Kalambaina, tare da matarsa. Baturen ƙato ne, sai da ya sunkuya ya shiga rumfa, amma shiru-shiru. Madam 'yar firit, ita ce mai magana.

Abu biyu suke so, duka da jar fata. Na farko abin wuya, mai faɗin yatsa biyu, da zoben ƙarfe a gaba, a baya kuma a riƙa rufe shi da ɗan ƙaramin kwaɗo. Na biyu abin hannu, wanda za a rataya makullin kwaɗon a jikinsa. Kuma kowanne suna so in ƙirƙiro masa alama tasa. Wai suna da wata ƙungiya a ƙasarsu, 'yan cikinta suna gane juna da irin waɗannan alamomi, su san matsayin kowa, amma wanda ba ya ciki in ya gani sai ya ɗauka ado ne kawai. Na lura Malam Yohanna, da ke yi mana tafinta, ya fara tari. Madam za ta yi dogon bayani, hannu na tashi, shi kuma ya juyo ya ce mini kalma uku ya koma kallon ƙasa. Da na tambaye shi sauran, sai ya ce ba lallai ba ne. Ni kuma don kada Turawa su ce ba na jin harshensu, sai gyaɗa kai nake yi ina murmushi, alhali abin da na tsinta bai wuce ƙungiya da babba da ƙarami ba.

Da suka tafi na zauna na yi lissafina irin na ɗan kasuwar Sakkwato. Wa ke rataya abu a wuya? Manya. Kowa ya ga hoton gwamna ana rataya wa mutane lambar girma a wuya. Wa ke yawo da makulli? Yaron shago. Ka taɓa ganin Alhaji mai rumfar atamfa ya zo da sassafe yana kokawa da kwaɗo? Yaronsa ne ke zuwa ya buɗe, ya share, ya shimfiɗa tabarma, shi kuma ya iso da hantsi. Shi ke nan, magana ta fito fili: mai abin wuya shi ne shugaba, mai makulli shi ne ɗan aike. Na ji daɗin kaifin basirata har na sayi tsire.

Sai na zauna zane. A kan abin wuyan na buga dagi, ƙullin nan da ake yi a ƙofar manya da gaban babbar riga, don a ganina babu alamar da ta fi shi dacewa da shugaba. A kan abin hannun na zana buɗaɗɗen tafin hannu, wato mai karɓar aike. Na yi ɗinki biyu-biyu, na goge fatar har tana ɗaukar ido. Ranar da suka zo karɓa, Madam ta ga dagin ta yi tsalle, ta ce wa Malam Yohanna ƙulli ne daidai abin da take nufi, hannun ma haka. Baturen ya sa abin wuyan, Madam ta zagaya bayansa ta yi ɗage ta danna kwaɗon, ƙas, sannan ta ɗaura makullin a hannunta. Na ce a raina, ka gani ko? Ko a Turai mace ce ke shirya maigida.

Malam Yohanna ya dakata bayan sun fita, ya rage murya ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi aikinka an yaba, to ka manta da shi. Abin nan na cikin ɗakinsu ne."

Na ce masa na gode. A zuciyata kuwa na ce hassada ce, yana ganin Turawa sun fara yi da ni. (Allah Ya jiƙan Malam Yohanna, mutumin kirki. Sau biyu ya sake tare ni a hanya da maganar, sau biyu ina ce masa ina sauri.)

Abin da ya biyo baya kun riga kun hango shi, ni kaɗai ne ban hango ba. Na yanki fata na yi wa kaina irin nasu sak, da zobe da dagi da kwaɗo. Na yi na hannun ma. Kwaɗon da na saya a kasuwa makullinsa biyu, sai na rataya ɗaya a jikin abin hannun, ɗayan na maƙala a ƙusa a cikin rumfa. Da na je zance na miƙa wa Luba nata, na ce mata alamar matar babban mutum ce a wurin Turawa, ta sa ranar biki. Ta juya shi, ta yaba ɗinkin, ta tambaye ni makullin mene ne. Na ce mata za ta gani.

Ranar liyafar Sani, bayan la'asar, na ci ado. Sani a Ingila ya yi karatu, don haka bikin na 'yan boko ne: an kafa rumfa a filin ƙofar gidan, an jera kujeru, ga lemon kwalba a cikin baho da ƙanƙara. Na sa babbar rigata, na ja wuyanta ƙasa don a ga kaya, na kai hannu baya na danna kwaɗo. Tun daga wannan ƙas ɗin na ji akwai matsala. Da zare na auna wuyana, ban bar wa haɗiyar yawu wuri ba, sai ga shi duk haɗiyar da zan yi sai fatar ta shaƙe ni. Na hau keken Baba, ina tafe zoben yana bugun maƙogwarona. Na yi tunanin komawa rumfa in ɗauko ɗaya makullin, sai na ce kada in makara Alhaji ya ce ban da ladabi.

Ina shiga rumfar bikin idanu suka dawo kaina. Na je na gaishe da Alhaji, yana zaune tsakiyar abokansa 'yan kasuwa. Ya amsa, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wanga yaro, mi ag ga wuyanka?"

Na gyara tsayuwa. Na ce lambar wata ƙungiya ce ta manyan Turawa, ni na zana musu ita, kuma ba kowa ke sa irin wannan ba sai wanda yake shugaba a cikinsu. Na ƙara da cewa mai ƙaramin matsayi makulli kawai ake ba shi. Alhaji ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta fi mini zagi ciwo, don ban san inda ta dosa ba. Na samu kujera na zauna a bakin-bakinta, aka ba ni lemo na kasa sha.

Can sai ga mota ta tsaya. Wa zai fito? Baturen nan, da Madam, da Malam Yohanna. Ban taɓa kawo wa raina ba, alhali abu ne a fili: mutumin da ke sayar da siminti ai dole ya san mutanen Kalambaina. Da farko har na yi murna, na ce ga shaidu sun zo. Sai na ga Baturen ya ɗaure wuyansa da laktaye har maƙoshi, babu alamar jar fata. Ya hango ni, ya tsaya cak, fuskarsa ta yi ja kamar gauta, ya kau da kai. Aka shiga da Madam cikin gida wajen mata. Malam Yohanna kuwa ya ratso kujeru da sauri ya sunkuyo a kunnena ya ce in cire abin nan yanzu-yanzu, don girman Allah.

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na kai hannu bayan wuya, na taɓa kwaɗo, sai a lokacin na tuna makulli ɗaya yana rataye a Ƙofar Marke, ɗayan yana cikin gida a hannun Luba, tsakiyar mata, inda ko ƙofar ban isa in leƙa ba. Na ja wuyan rigata sama, ya zame. Na sake ja, ya zame. (Duk wanda ya san babbar riga ya san ba a yi wuyanta don rufa asiri ba.) Na fara lissafin yadda zan sulale in kai ga keke, amma keken yana bayan kujerar Alhaji. Ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Ban kai ga tashi ba sai ga Madam ta fito daga zaure, tana riƙe da hannun Luba, ta ɗaga shi sama makullin yana lilo. Luba ce aka sa ta zauna da ita saboda tana jin Turanci. Madam tana waige-waige tana neman wani, har idonta ya sauka a wuyana. Ta saki dariyar murna, ta jawo Luba har gabana, ta faɗi wata magana mai tsawo tana nuna ni tana nuna ta. Ango, da ke kusa, ya ƙware da lemo har sai da aka bubbuga masa baya. Luba ta ja gyale ta rufe baki, idanunta sun firfito. Ita kanta Madam, da ta ga yadda wurin ya yi tsit, sai murmushinta ya fara gushewa.

Alhaji ya ce, "Mi tac ce?"

Sani ya ce shi bai ji da kyau ba. Luba ta sunkuyar da kai. Alhaji ya juya ga Malam Yohanna ya ce shi malami ne, bai san shi da ƙarya ba, ya faɗi abin da matar ta ce kada ya rage komai.

Malam Yohanna ya dube ni kallon ban haƙuri, ya share goshi. Ya ce Madam tana taya su murna ne, ba ta san akwai irinsu a garin nan ba. Alhaji ya ce irin su wa? Nan fa bawan Allah ya shiga zagaye-zagaye. Ya ce a can ƙasarsu akwai wasu ma'aurata da ke da wata al'ada tsakaninsu, da yardar juna, ɗaya ya zama mai ba da umarni, ɗaya mai bi. Alhaji ya ce ya ji wannan, yaron ya riga ya faɗa masa shi ne shugaba. Malam Yohanna ya ce:

"Alhaji, ba haka ba ne. Mai makullin ita ce uwar ɗaki. Wanda aka sa wa abin wuya shi ne ya miƙa kansa. In ta ce ya durƙusa, ya durƙusa. In ta ce ya yi shiru, ya yi shiru. Zoben kuma... nan ake ɗaura igiya."

Wallahi na ji ƙarar ƙanƙara tana narkewa a cikin baho. Sai wani tsoho mai sayar da hatsi, daga cikin abokan Alhaji, ya miƙo wuya da gaskiyarsa ya tambaya ko da igiyar ake jan mutum har kasuwa, ko iyakarta cikin gida. Shi ke nan, wuri ya fashe. Masu riƙe ciki na yi, masu buga ƙafa na yi. Wani daga baya ya ce an ga mijin-ta-ce iri-iri, amma ba a taɓa ganin wanda ya zo da shaidarsa tun kafin a ɗaura ba. Baturen ya zauna ya dafe kai, Madam tana ta ba Luba haƙuri. Alhaji kaɗai ne bai yi dariya ba, kuma shi kaɗai nake kallo.

Na kama fatar da hannu biyu na fizga. Ina! Jar fatar Sakkwato ce, ɗinki biyu-biyu, aikin hannuna. Ban taɓa jin haushin iya sana'ata ba sai ranar. Wani ya zaro wuƙa ya ce a yanke, Alhaji ya ɗaga hannu ya ce ba a kai wuƙa wuyan mutum a bikin ɗansa. Ya dubi Luba ya ce mai makulli ta buɗe.

Luba ta zagayo bayana. Ni dogo ne, ita kuwa ko kafaɗata ba ta kai ba. Ta yi ɗage, ta sake yi, sannan ta ce a hankali, amma a wurin da ya sake yin tsit kowa ya ji:

"Durƙusa mana, hannuna bai kai ba."

Na durƙusa. Gaban Alhaji, gaban 'yan kasuwar garin nan, gaban Turawa, na kai gwiwa biyu ƙasa a cikin babbar rigata. Ba sai na faɗa muku abin da ya faru da dariyar ba, har mata sai da suka leƙo ta zaure. Makullin ƙarami, ya ƙi shiga. Ina jin numfashinta a ƙeyata, na rasa ko kuka take yi ko dariya. Sai na ji ta raɗa mini, "Matar babban mutum, ko?" Sannan kwaɗon ya buɗe.

Na so in tashi in ruga, sai na fasa. Tunda ina ƙasa, sai na juya ga Alhaji yadda nake. Na ce masa ban san ma'anar abin ba, kuma Malam Yohanna ya yi ta ƙoƙarin faɗa mini na ƙi saurara, Luba ma ba ta san komai ba, ni na ba ta. Na ce a yi mini afuwa na ɓata taro. Na tashi na zagaya bayan kujerarsa na ɗauki keke, ban iya hawa ba, tura shi na yi har gida.

Kwanakin da suka biyo baya a ƙuryar rumfa na yi su, bayan tarin fatu. Duk wanda ya wuce sai ya leƙo ya tambayi Baba ko akwai igiya ta sayarwa. Baba bai yi mini faɗa ba. Ya dai fita da safe ya cire allon nan nawa, ya shigo da shi ya kwantar, ya mai da shi abin yankan fata. Madam ta aiko Malam Yohanna da ban haƙuri, na ce ya gaya mata ita ba ta yi mini komai ba, abinsu ne na ɗauka ban tambaya ba. Luba kuwa ko saƙo babu. Na riga na sallama, ina jiran a aiko a ce mu nemi wata. Duk sallamar da aka yi a bakin rumfa sai in leƙo in ga ko ɗan aiken Alhaji ne.

Da saƙon ya zo, cewa aka yi Alhaji yana son ganin Baba, kuma ya zo da ni. Muka zauna a zaure, kaina a ƙasa. Alhaji ya gama gaisawa da Baba a tsanake, har da tambayar tsadar fata, ni kuwa ina mutuwa a zaune. Sannan ya ce al'adar Turawa tasu ce, shi ba ruwansa da ita. Ya nuna ni da haɓa ya ce:

"Ni girman kai nai nika tsoro. Na ga an sauke mai shi gaban jama'a, bai zagi kowa ba, bai ɗora ma kowa laihi ba. Na ba shi."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Muna shirin tashi ya ce saura magana ɗaya, ba tasa ba ce, ta yarinyar ce. Ta ce a faɗa mini abin wuyan in ƙona shi in na ga dama, amma makulli kyauta aka ba ta, ba za ta mayar ba.

Daga ranar na koyi abin da makarantar koyon sana'a ba ta koya mini ba. Duk wanda ya kawo mini aikin alama, ko ta ƙungiyar direbobi ce ko ta 'yan ƙwallo, sai na zaunar da shi na tambaye shi wa ke sa ta, kuma in ya sa ta me ake sa shi ya yi. Kuma ko ta yi kyau kamar me, ba na gwada ta a jikina.

Makullin yana nan har yau a cikin adudun Luba, mun yi jikoki bai ɓata ba. Ba ta taɓa fito da shi ba, ba ta ma bukata. In na fara ɗaga murya a tsakar gida ina cewa ni ne maigidan nan, sai ta dube ni, ta ɗan shafa wuyan hannunta. Ni kuma sai in gyara murya in tambaye ta ko akwai abin da za a sayo a kasuwa.